Abin da Na Gani Na Ce Ban Gani Ba

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ko da yake ya ci a ce gajiyar ta sake ki yanzu. Ina fatan kin sami masauki na kirki a Lakwaja, kuma aikin bautar ƙasar ya zo da sauƙi. Allah ya tsare ki a ɗaki da waje, ya haɗa ki da mutanen arziki, ya kau da idon mugu daga kanki. Mu nan kowa lafiya, sai godiya.

To, gaisuwa ta ƙare, saura magana. Yau sati uku da tafiyarki, kullum sai na kira ki, kullum kuma amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, Umma. Na ci, Umma. To, Umma." Ko baƙuwar da aka haɗu da ita a gidan suna ta fi ki sakin jiki. Na gaji da wannan gaisuwar ta fatar baki, shi ya sa na ɗauko biro, ni da rabona da dogon rubutun hannu tun kafin in yi ritaya. Idan layin ya karkace ki yi haƙuri da shi, yatsuna da tafireta suka saba.

Na san abin da ya sa kike fushi, ba sai an yi mini duba ba. Kin rubuta ƙara a kan Alhaji Bala, shugaban ɗakin gwajin jini a asibitin da kika yi shekarar koyon aiki. Kin ce yana turo miki saƙonnin banza a waya, ya riƙe takardar kammala aikinki ya ce sai kin same shi a ofis ke kaɗai, ranar da kika je kuma ya murza makulli ya riƙe ki, sai da kika ɗaga murya ya buɗe. An kafa kwamiti, za su zauna a watan gobe. Ni kuma, uwar da ta haife ki, na ce ki janye ƙarar. A kan wannan zan yi rubutun nan. Sai dai zan faro daga nesa, domin ba ranar na fara yin kuskure ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe, kada ki yi mini irin karatunku na waya, a duba layi biyu a ture sama.

Ina da shekara ashirin da ɗaya na fara aikin buga tafireta a wani ofishin gwamnati. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Rifkatu, 'yar Wusasa, mahaifinta malamin coci ne. A kwano ɗaya muke cin abincin rana, ita ta koya mini canza zaren tawada ba tare da na ɓata hannu ba. Ogan namu yana da wata ɗabi'a. In ya kawo aiki ba ya ajiyewa a tebur ya tafi, sai ya zagayo bayanki ya sunkuyo, wai yana nuna kuskure, hannunsa a kafaɗarki, numfashinsa a wuyanki. Ranar da ya fara yi mini na koma gida na kasa cin tuwo.

Washegari wata babbar ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ba ni darasi. Ta ce in jingina kujerata da bango yadda ba hanyar wucewa ta bayana. Kada in shiga ofishinsa ba fayil rungume a ƙirji. In ya yi maganar banza in ɗan yi dariya in ce, "Allah ya shirye ka, ranka ya daɗe," in fita. Ta ce haka maza suke, mace mai hankali ita ce mai zillewa ba tare da kowa ya ji ba. Wallahi a lokacin gani nake ta ba ni ilimi mai tsada. Ko sunan abin ba mu da shi. Ku yanzu kuna cewa cin zarafi, mu cewa muke mutum yana da wasan banza, a yi dariya a wuce.

Ni na sami bango. Teburin Rifkatu kuwa a tsakiyar ɗaki yake, ba inda za ta jingina.

Wata rana da hantsi hannunsa ya wuce kafaɗa ya sauka inda bai kamata ba. Na gani da idona, tsakanina da su bai fi taku uku ba. Rifkatu ta miƙe ta hankaɗe shi har takardu suka watse a ƙasa, ta wuce kai tsaye ta kai ƙara wurin babban sakatare. Aka aiko kirana shaida. Lokacin saura wata biyu aurena da babanki. Kafin in hau matakalar benen na gama lissafina: in sunana ya fito a irin wannan magana, dangin miji za su ce me ya kai ta, ƙila ma su ce in bar aikin.

Sakataren ya ce, "Malama Asabe, kina ɗakin. Me kika gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kaina yana kan aiki. Ban ga komai ba."

Aka rubuta wa Rifkatu takardar rashin ladabi, aka mayar da ita wani ƙauye mai nisa. Shi kuwa oga ya kai lokacin ritayarsa lafiya lau, aka yi masa walima. Jawabin yabon da aka karanta ranar ni na buga shi, da yatsun nan, ba kuskure ko ɗaya.

Don haka ki ji ni. Duk ranar da aka tambaye ki abin da kika ga an yi wa wata, ki faɗa yadda kika gani, ko ƙawarki ce ko ba ku shiri, ko masallaci take zuwa ko coci. Zillewa dabara ce, ban hana ki ba, ki zille in ta kama. Amma kada ki ɗauka don kin zille an gama. Kan ta kusa da ke abin ya koma, kuma kin sani.

Kuskure na biyu ke na yi wa, shi ya fi ci mini rai. Kina shekara goma sha uku na aike ki wurin telan nan na bakin kasuwa ya auna ki ɗinkin salla. Kika dawo ina tsakar gida ina tsince shinkafa, kakarki tana zaune a tabarma gefena. Kika tsaya a kaina kina murza bakin hijabi, kika ce, "Umma, ni ba na son yadda telan nan yake auna ni."

Na gane. Kada ki ƙara zaton ban gane ba, tun kafin ki rufe baki na gane. Amma ke 'yar fari ce, ga surukata tana kallo. Da na ja ki ɗaki na zaunar da ke, da kafin la'asar dangi sun ji cewa Asabe ba ta da kara, tana rarrashin 'yar fari a gaban uwar miji. Sai na ci gaba da tsintar shinkafa, ko ɗago kai ban yi ba, na ce, "Ke, je ki gaya wa Goggonki."

Kika tafi wurin Goggo Talatu, ƙanwar babanki, tunda ita aka ce ce uwar ɗakinki. Ta ce miki, "Ke ma kin cika rawar kai. Wa ya ce ki je wurin namiji da wannan guntun hijabin?"

Kin san abin da na yi? Na canza tela shiru. Na je kasuwa na sayo dogayen hijabai uku na ajiye miki a kan gado. Har ina yabon kaina, wai na yi maganin abu cikin hikima. Sai yanzu nake ganin karatun da na ɗora miki ranar: cewa laifin jikinki ne, kuma ɗakin uwarki ba wurin kai irin wannan magana ba ne. Telan ya ƙara shekaru a wannan shagon, 'ya'yan maƙwabta suna zuwa. In an tambaye ni dalilin barinsa sai in ce ɗinkinsa ne ba kyau.

Abin haushi, na riƙe kunyar nan kamar aya ce aka saukar. Shekara ashirin da biyar ban kira sunanki ba, sai "ke", sai "yarinyar nan". Mata suna ta yabo, Asabe akwai kara, Asabe akwai alkunya. Na sha yabon na ƙoshi, me ya tsinana mini? Ga shi 'yata ta shiga tashin hankali wata da watanni, ni ce ta ƙarshen ji. Zainab. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ban ce ki yar da kunya ba, tana da wurinta, kuma ado ce. Amma in Allah ya ba ki 'ya, ta fari ce ko ta goma, ranar da ta zo tana murza bakin hijabi ki ajiye abin da ke hannunki, ko wace ce zaune a wurin. Hijabi kuma ki sa shi don Allah, kada ki sa shi da tunanin shi zai shiryar da mutumin banza. Wanda kika sa ranar da kika shiga ofishin Alhaji Bala har ƙasa yake ja. Na faɗa wa Goggonki haka, sai ta ce, "To, muryarta fa? Ai yarinyar nan akwai zaƙin murya." Ki ji fa. In aka bi ta tata, sai mace ta daina numfashi kafin a ce ba ta da laifi.

Kada ki ɗauka don ina tonon kaina ke kin fita. Ina da nawa ƙorafin. Kin rubuta ƙara, kin miƙa, ba wanda kika gaya wa a gida. Babanki a ƙofar masallaci ya ji, bayan sallar la'asar, daga bakin mutumin da ko gaisawa sosai ba sa yi. Ya shigo gida kamar an watsa masa ruwan zafi. Wannan bai kyautu ba, ko me muka yi miki. In na zauna ni kaɗai nakan ce, to wa za ta gaya wa, ni da na rufe ƙofar tun tana ƙarama? Duk da haka da kin gwada ƙwanƙwasawa. Sannan waɗannan ƙawayen naki masu zuga ki ki watsa hotunan saƙonninsa duniya ta gani, ki ce su dakata. Ku yaran yanzu ba ku iya shiru ba, mu ba mu iya magana ba, na rasa wanda zai koya wa wani. Ki bar kwamiti ya zauna tukuna. Kuma ki ji shawarar tsohuwar ma'aikaciyar ofis: kada ki goge saƙo ko ɗaya, kada ki miƙa takarda ba ki riƙe kwafi ba, kuma kada ki bar teburin sai an buga miki hatimin karɓa a naki kwafin. Na ga fayiloli da yawa da suka yi ƙafa suka fita daga ofis.

Saura na uku, wanda kin san rabinsa. Ana saura kwana huɗu ki tafi, dattawa uku suka zo zaure wurin babanki ban haƙuri, tunda masallacinsu ɗaya da Alhaji Bala. Matarsa kuma ta shigo cikin gida, Goggonki na gaba tana yi mata jagora. Baiwar Allah ta durƙusa ta kama ƙafata tana kuka.

Ta ce, "Hajiya, ki rufa mana asiri don Allah. 'Ya'yansa mata uku, ko ɗaya ba ta yi aure ba. In aka kore shi ina za mu sa kanmu?"

Goggonki ta ɗora da cewa, "Ke ma ki yi wa taki tunani. Wa zai auri yarinyar da sunanta ya shiga bakin duniya?"

Tausayin matar ya kama ni, har yanzu ma ina tausayinta, ba ita ta kulle ƙofa ba. Amma ki lura, duk zaman nan ba wanda ya ce ƙarya kika yi. Ba kuma wanda ya kawo shi mai laifin ya durƙusa. Matarsa aka turo ta yi kukan, ke aka nema ki yi haƙurin. Ni da na ga wannan da idona, maimakon in faɗa, sai na kira ki na ce, "Ke, ki janye. Tunda Allah ya tsare, ba abin da ya faru."

Kika ce, "Umma, ƙofar da ya kulle ba abu ba ce? Akwai yara biyu da suka shigo koyon aiki bayana, a ƙarƙashinsa suke yanzu. Su fa?"

Na ce, "Ba ke kika haife su ba."

Na so a ce ban faɗi wannan ba. Kika dube ni, ba ki yi kuka ba, ba ki yi musu ba, kika koma ɗaki kika ci gaba da haɗa kaya. Tun ranar nake karɓar "To, Umma."

Ga rabin da ba ki sani ba. Shekaranjiya babanki ya rubuta takardar janyewa da hannunsa, ya miƙo mini. Ya ce tunda aikina ne, in je shagon buga takardu na bakin titi in zauna in buga da kaina, kada masu shagon su karanta, sai a aiko miki ki sa hannu. Na je na zauna gaban kwamfuta. Takardar ta ce rashin fahimta ne aka samu, wai ke kika yi wa mutumin mummunar fassara, kuma kina neman afuwar ɓata masa suna. Yatsuna suka buga ta tsaf, ko waƙafi ban bari ba. Da ta fito na karanta, sai na ga ai maganata ce ta gaban sakatare aka sake wa riga, yanzu kuma ke ake so ki faɗe ta a kan kanki. Na sa ta a jaka, na kasa komawa gida. Na tari mota na nufi Wusasa.

Sai da na yi tambaya gida uku kafin a nuna mini inda Rifkatu take. Ta tsufa, ƙafa ta kama ta, tana zaune a baranda tana gyaran zogale. Shekara fiye da talatin ba mu haɗu ba, amma tana ɗago kai ta ce, "A'a, Asabe mai bango. Yau hanya ta ɓace miki ne?"

Na zauna a ƙasa na roƙe ta gafara, na kuma ba ta labarinki. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Shi ogan namu wallahi na manta kamanninsa. Ke ce na kasa mantawa, don ke nake kallo lokacin da kike magana, kika ƙi ɗago kai. Na yafe miki tun tuni, ba don kin roƙa ba. Amma kada ki zo nan ki jiƙa mini baranda da hawaye, ki koma gida ki maimaita wa 'yarki. Sha ruwa ki tashi, rana na yi."

Na dawo na sami babanki a zaure bayan azahar. Na ce, "Malam, na buga, kuma zan aika tunda ka ce in aika. Amma zan gaya mata kada ta sa hannu."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Asabe, da wane ido kike so in kalli mutane a masallaci?"

Na ce, "Da irin idon da shi yake kallonsu. Shi da ya kulle 'yarka a ofis, a sahun gaba yake tsayawa, ban ji an ce ya daina zuwa ba. Kai me ka yi da za ka sunkuyar da kai?"

Ya tashi ya fita. Yau kwana biyu yana cin abincina ba ya yi mini magana. Kada ki riƙe shi a zuciya, ba mugu ba ne, tsoro ne yake ji, irin wanda na ji a matakalar benen nan, kuma ni ba ni da bakin yi masa gori. Goggonki kuwa ta ɗauke ƙafa, ta aiko a gaya mini wai boko ya tashi mini da tsufa. Na ce a gaishe ta.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, a bayan wasiƙata. Direban da zai kawo miki daga tashar Kwangila yake lodi, na ce ya damƙa miki hannu da hannu. Ba zan yi miki dole ba, na riga na gwada yanke miki hukunci kin ga inda ya kai mu. Ke aka kulle, ke za ki tsaya gaban kwamiti, ke ce mai zaɓi. Ba kuma zan yi miki ƙarya in ce za ki yi nasara ba. Ƙila su wanke shi. Tabbas za a yi da ke a unguwa, ƙila wani mai niyyar neman aurenki ya ja baya, kuma zan ji zafin hakan fiye da yadda kike zato. Amma in ra'ayina kike so, ga shi ba kwana-kwana: kada ki sa hannu. Abin da kika rubuta da farko shi ne gaskiya, na yarda da ke tun ranar da na ji, tsoro ne ya hana ni faɗa.

In ranar zaman ta matso, ki nemi izini ki sauka gida. Zan yafa mayafina mu tafi tare. In sun bar ni na shiga, zan zauna inda zai riƙa ganina. In sun hana, zan zauna a bencin ƙofa har ki fito, duk wanda ya wuce ya tambaya in ce masa 'yata ce a ciki, ni na rako ta.

Allah ya tsare mini ke a inda idona ba ya kai, ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare yaran nan biyu da 'ya'yan kowa. Ya dawo mini da ke lafiya. In kin gama karantawa ki kira ni, ko faɗa za ki yi mini, zan saurara.

Ni ce mahaifiyarki,
Asabe.